Haɗa Katunan Sadarwar Kwamfutocin Kwaikwayo a Unguwar Sadarwa Guda: Darasi Daga Yanayin Wagini

Tsakure

Wannan maƙala darasi ce a kan yadda ake haɗa katunan sadarwa na kwamfutocin kwaikwayo da yawa a kan layi guda, ta yadda za su ji juna, kuma sauran na'urorin da ke wurin su iya kaiwa gare su. An ɗora bayanin a kan yanayin Wagini ta ƙaramar hukumar Batsari a Jihar Katsina, ɗaya daga cikin yankunan da aka katse wa layukan waya a shekarar 2021, domin a nuna yadda za a iya kafa taskar karatu ta cikin gida a inda babu intanet. Maƙalar ta auna kalmomin da za su ɗauki waɗannan ma'anoni a Hausa, ta bi matakan haɗawar, ta nuna wuraren da ake tuntuɓe, sannan ta ja hankalin masu bincike a kan irin bayanan da bai kamata su hau layin da kowa ke hawa ba.

Fitilun Kalmomi: kwamfutar kwaikwayo, katin sadarwa, unguwar sadarwa, gada, Wagini

1.0 Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2021, gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta sa aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 da ke fama da 'yan bindiga, 'yan kwanaki bayan an yi haka a Jihar Zamfara baki ɗaya. Batsari da Safana, waɗanda ke bakin dajin Rugu, suna cikin jerin. Wagini, wadda mazaɓa ce a Batsari, ta shafe watanni a cikin wannan hali. A daidai lokacin kuma an hana sayar da fetur a jarka, wanda ya sa tayar da janareta ma ya zama aiki.

A bakin jama'a abin da ya faru shi ne "an ɗauke sabis" ko "babu netwok". Kalmar netwok a Hausar yau ta haɗe abubuwa biyu da fasaha ta raba. Akwai hanyar da ke kai mutum duniyar waje ta turakun kamfanonin waya, akwai kuma layin cikin gida da ke haɗa na'urorin da ke ɗaki ɗaya ko makaranta ɗaya. Rufe turaku na farkon yake kashewa. Na biyun ba ya buƙatar kowane kamfani, waya ce da akwati da wutar lantarki. Ɗalibin da ke Wagini zai iya buɗe ƙamus ko kundin bincike daga wata kwamfuta da ke ofishin shugaban makaranta ko da babu layi ko ɗaya a faɗin ƙasar Ruma, muddin an ajiye littafin a can tun da farko.

Abin da ya sa wannan ya shafi manazarta Hausa bai tsaya ga ƙirƙirar kalmomi ba. Su ne ke da kayan da za a zuba a irin wannan taska, su ne kuma ke shiga ƙauyuka suna naɗar muryoyin mutane. Sanin yadda layin yake aiki shi ke nuna wa mai bincike wane ne zai iya ganin abin da ya ajiye.

2.0 Kwamfutar Kwaikwayo da Katinta

Kwamfutar kwaikwayo manhaja ce da ke kwaikwayon jikin kwamfuta, da ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta da katin sadarwarta, har a ɗora mata babbar manhajar gudanarwa kamar Linux ko Windows ta yi aiki tamkar a kan ƙarfe take. Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin IBM ya fara ta a manyan injinansa tun shekarun 1960, ya fitar da VM/370 a 1972. Ta sauko kan ƙananan kwamfutoci ne da VMware a 1999, sai QEMU ta Fabrice Bellard a 2003, sannan KVM da ta shiga cikin Linux a 2007, shekarar da aka saki VirtualBox ga kowa kyauta.

Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tsaya ne a kan harshe da adabi da koyarwa, don haka a wannan fage dole mai rubutu ya zaɓa da kansa. Ana iya cewa "kwamfutar gizo", amma Gizo ya riga ya tare a "yanar gizo", mai karatu zai ɗauka intanet ake nufi. "Kwamfutar boge" tana ɗauke da warin damfara. "Inuwar kwamfuta" ta fi daɗin ji, sai dai inuwa ba ta motsi sai mai ita ya motsa, alhali wannan na'ura tana gudanar da aikinta daban da na wadda ta ɗauke ta. An zaɓi "kwaikwayo" a nan saboda ita ce ta faɗi abin da ke faruwa a zahiri, duk da cewa tana iya sa a zaci aikin wasa ne. Jikin ne na kwaikwayo, aikin kuwa na gaske ne. Kwamfutar ƙarfen da ke ɗauke da sauran za a kira ta mai masauki, kowace ta kwaikwayo kuma baƙuwa.

Amfanin wannan a wuri irin Wagini a fili yake. Maimakon kwamfuta uku masu cin wuta uku, guda ɗaya mai ƙwaƙwalwa wadatacciya za ta ɗauki baƙi uku, kuma faifan sola da batir za su fi iya riƙe ta. In baƙuwa ɗaya ta lalace, fayil ce, a kwafo wata daga ajiya a mayar.

Kowace baƙuwa tana da katin sadarwa na kwaikwayo, ɗaya ko fiye. Kowane kati, na ƙarfe ko na kwaikwayo, yana da lambarsa da ake kira lambar MAC, mai ɗigon lissafi 48, wadda ake rubutawa gida shida. Gidaje ukun farko kan nuna inda katin ya fito. Na VirtualBox suna farawa da 08:00:27, na QEMU da KVM da 52:54:00, na Hyper-V da 00:15:5D. Wannan lamba daban take da adireshin IP. Lambar MAC kamar sunan yanka ce, adireshin IP kuwa kamar lambar gida, yana canzawa in an sauya wuri.

3.0 Unguwar Sadarwa

Lokacin da Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro Ethernet a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto ta Amurka, daga 1973, layin waya ɗaya ce doguwa da kowace na'ura ke maƙale da ita. Duk abin da ɗaya ta faɗa, kowa ya ji, mai shi ya ɗauka, saura su yi watsi. Yau an daina wannan waya, kowace na'ura tana da tata zuwa wani akwati mai kafofi da ake kira suwic, amma wani abu guda ya rage: akwai saƙon da ake aikawa ga kowa da kowa, mai lamba ff:ff:ff:ff:ff:ff. Wannan shi ne shela.

Iyakar inda shela ke kaiwa shi ne abin da wannan maƙala ta kira unguwar sadarwa. An fifita "unguwa" a kan "sashe" ko "yanki" domin waɗannan biyun suna nuna an yanka wani abu ne kawai, ba su faɗi abin da ya haɗa mazauna wurin ba. Unguwa kuwa Bahaushe ya san ta da cewa in mai shela ya tsaya ya ɗaga murya, duk gidan da ke cikinta ya ji, na ƙetaren ganuwa sai an aika masa manzo. Manzon a nan shi ne rawuta, na'urar da ke ɗaukar saƙo daga wata unguwa zuwa wata, kuma ba ta ƙetarar da shela.

Ayyuka biyu na yau da kullum sun dogara ga shela. Na'urar da ta san adireshin IP na wata amma ba ta san lambar katinta ba, takan yi shela ta tambaya wa ke da adireshi kaza, mai shi ya amsa da lambarsa. Wannan ƙa'ida ita ce ARP, an rubuta ta a 1982. Sabuwar na'urar da ba ta da adireshi ma shela take yi ta roƙa, mai rabon adireshi, wato DHCP, ya ba ta. Saboda haka cewa katuna uku suna unguwa ɗaya yana nufin shelar kowanne tana isa ga sauran biyun.

4.0 Hanyoyin Haɗawa

Wanda ya ƙirƙiri baƙuwa a VirtualBox bai taɓa komai ba, za a ɗora ta a kan tsarin da ake kira NAT, wato sauya adireshi. Za ta sami adireshi 10.0.2.15, ta biyu ma haka, ta uku ma haka, kuma ba za su yi karo ba domin kowacce a tata keɓaɓɓiyar unguwa take. Tana iya fita waje, amma da sunan mai masauki. Masu nazarin fatauci za su gane wannan tsari. Abner Cohen ya bayyana irinsa a littafinsa na 1969 a kan Sabo ta Ibadan, inda baƙon da ya kawo shanu ke ciniki a ƙarƙashin sunan mai gidansa, kasuwa kuma mai gidan ta sani. Tsarin yana da kyau ga baƙuwar da fita kawai take so. Ga taskar karatu kuwa bai yi ba, domin ɗalibi ne zai zo neman ta, ga shi babu wanda ya san ta a kasuwar, sai an buɗe mata kafa ta musamman a jikin mai masauki.

Akwai layin ciki, wanda baƙi ke jin juna su kaɗai, mai masauki ma ba ya ciki. Duk katin da aka rubuta wa suna iri ɗaya ya shiga unguwa ɗaya, kuma harafi ɗaya in ya bambanta an sami unguwa biyu. Akwai wanda ke haɗa baƙi da mai masauki amma ba ya fita waje, VirtualBox kan ba shi adireshin da ke farawa da 192.168.56. Sai kuma gada, wadda ita ce ke shigar da baƙi cikin unguwar da na'urorin ƙarfe suke.

4.1 Yadda Gada ke Aiki

Gada suwic ce da aka gina da manhaja a cikin mai masauki. Tana da kafofi, kowace baƙuwa a tata kafar, katin ƙarfen mai masauki shi ma a kafa guda. Kalmar "gada" ta zauna daidai ba tare da gyara ba, tun da asalin aikinta haɗa layuka biyu ne su zama ɗaya.

Gada ba a koya mata komai, da sauraro take koyo. Kowane ƙunshin saƙo yana ɗauke da lambar mai aikawa da ta wanda aka aika wa. In ƙunshi ya shigo ta kafa ta biyu, sai ta rubuta a jadawalinta cewa mai wannan lamba yana kafa ta biyu. In daga baya wani ƙunshi ya zo da sunansa, can kaɗai za ta tura shi. In ba ta san inda wanda aka aika wa yake ba, ko kuma ƙunshin shela ne, sai ta watsa shi ta duk kafofin in ban da wadda ya shigo. Lambar da ta yi daƙiƙa 300 ba a ji ɗuriyarta ba, sai a share ta daga jadawalin. Daga wannan ɗan tsari ne yawancin matsalolin da za a ambata a gaba suke fitowa.

4.2 Matakan Haɗawa

A ɗauka wata makaranta ce a Wagini, da kwamfuta ɗaya mai Linux, da suwic mai kafa takwas, da akwatin Wi-Fi da aka jona da waya domin wayoyin malamai su shiga. Baƙuwa ta farko laburare ce, tana ɗauke da Kiwix, manhajar da Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007 domin karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa, tare da littattafan da aka sami izinin rabawa. Ta biyu mai rabon adireshi ce. Ta uku taskar muryoyi ce, wadda za a dawo kanta.

Da farko a ƙirƙiri gadar, a sa katin ƙarfe a cikinta. Linux na karɓar kowane suna da bai wuce harafi 15 ba, don haka ba laifi a raɗa mata na Hausa:

ip link add name gada0 type bridge
ip link set eth0 master gada0
ip link set gada0 up

Da zarar katin ƙarfe ya shiga gada ya zama kafa kawai, saboda haka adireshin mai masauki dole ya tashi daga kansa ya koma kan gadar:

ip addr flush dev eth0
ip addr add 192.168.10.2/24 dev gada0

Wanda ke yin wannan daga nesa ta kan layin zai yanke reshen da yake kai, ya fi kyau a yi shi a gaban kwamfutar. Alamar /24 tana nufin unguwar za ta ɗauki na'ura 254, wanda ya ishi makaranta. Daga nan a yi wa kowace baƙuwa kafarta, a tura ta cikin gada:

ip tuntap add dev tap0 mode tap
ip link set tap0 master gada0
ip link set tap0 up

Haka za a yi tap1 domin baƙuwa ta biyu, sannan a gaya wa QEMU kafar da kowacce za ta kama da lambar katinta. Umurnin bridge fdb show yana nuna jadawalin da gadar ta koya. Waɗannan umurnai ba sa tsallake kashe kwamfuta, kuma a inda wuta ke yawan ɗaukewa dole a rubuta su a fayil ɗin saitin dindindin, in ba haka ba duk safiya sai an sake.

Wata ƙaramar magana da ta shafi rubutun Hausa: sunayen na'urori a kan layi sun ginu ne a kan haruffan Ingilishi da lambobi da karan ɗori. Haruffa masu lanƙwasa kan kawo tangarɗa. Maimakon a rubuta "dakinkaratu" a koya wa yara kuskure, gara a zaɓi sunan da ba shi da lanƙwasa tun asali, kamar laburare ko taska.

5.0 Inda Ake Tuntuɓe

Tuntuɓen da ya fi yawa shi ne katuna biyu masu lamba ɗaya. QEMU, in ba a ba ta lamba ba, tana bai wa katin farko na kowace baƙuwa 52:54:00:12:34:56. Haka kuma wanda ya kwafi baƙuwa ya manta bai sauya lambar ba. Gadar za ta ji lambar a kafa ta ɗaya ta rubuta, ta ji ta a ta biyu ta goge ta sake rubutawa, saƙo ya riƙa faɗawa hannun wadda ta yi magana a ƙarshe. Alamarsa ita ce layi ya zo ya ɗauke ba dalili, abin da kan sa a zargi waya ko wuta alhali lafiyarsu ƙalau.

Na biyu shi ne masu rabon adireshi biyu a unguwa ɗaya. Yawancin akwatunan Wi-Fi suna zuwa da nasu rabon a kunne. In an jona akwatin ba a kashe shi ba, wayar da ta yi shela za ta karɓi amsar da ta riga isowa, wasu su sami adireshin da ke kai su laburare, wasu su sami wanda ba ya kai su ko'ina. In kuma babu mai rabo ko ɗaya, na'ura kan ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, wanda ganinsa ya isa shaida.

Gada ba ta jituwa da Wi-Fi a ɓangaren mai masauki. Akwatin Wi-Fi yana karɓar ƙunshi ne daga lambar da ta yi rajista da shi kawai, baƙi kuwa ba su yi ba. VirtualBox na kewaye wannan ta hanyar sauya lambobin, amma ga taskar da za a dogara da ita, a jona mai masauki da waya.

Mafi muni shi ne zagaye. In aka haɗa unguwa da kanta ta hanya biyu, misali waya biyu tsakanin suwic ɗaya da gada ɗaya, ko baƙuwa mai kati biyu a unguwa guda ta gina wata gadar a cikinta, shela za ta fita ta nan ta dawo ta can. Ƙunshin Ethernet ba shi da ma'aunin da ke ƙare masa wa'adi kamar na IP, don haka zai yi ta kewayawa yana ninkuwa har layin ya cushe cikin 'yan daƙiƙoƙi. Radia Perlman ce ta samar da maganinsa a 1985, wato STP, wanda ke gano hanyar da ta yi yawa ya toshe ta, kuma ya shiga ƙa'idar IEEE 802.1D a 1990. Gadar da aka ƙirƙira da umurnin da ke sama tana zuwa da shi a kashe. Kunna shi na sa kowace kafa ta jira kimanin daƙiƙa 30 kafin ta fara aiki, wanda ba tsada ba ne a ɗakin da yara ke iya soka waya a duk ramin da suka gani.

6.0 Abin da Bai Kamata ya Hau Gadar ba

Ƙa'idar ARP an rubuta ta ne a zamanin da masu hawa layi sun san juna. Ba ta tantance mai amsawa. Duk na'urar da ke unguwar tana iya cewa ita ce mai adireshi kaza a yarda da ita, ta karɓi saƙon da ba nata ba. Wayar kowane baƙo da ya sami kalmar sirrin Wi-Fi ta zama maƙwabciyar dukkan baƙin da ke kan gada.

Ga laburare wannan ba abin tsoro ba ne, don a karanta shi aka ajiye shi. Taskar muryoyi daban ce. Mai binciken da ya naɗi hira da manoma ko makiyaya ko matan da aka kora daga ƙauyukan bakin Rugu yana riƙe da muryoyin da ake iya gane masu su, a yankin da zargin kai rahoto ga kowane ɓangare ke iya cin ran mutum. Alkawarin sakaya suna da ya yi wa mai ba shi bayani ba ya cika da cire suna daga takarda in fayil ɗin muryar yana unguwar da kowa ke shiga.

Saboda haka baƙuwa ta uku ba za ta hau gada0 ba. A yi mata gada ta biyu, a kira ta gada1, kada a sa mata katin ƙarfe ko ɗaya, ta zama unguwar da ba ta da ƙofar waje, wadda sai daga kan mai masauki ake shiga. Akwai hanyar raba suwic guda zuwa unguwanni ta yi wa ƙunshi tambari, wato VLAN ta ƙa'idar 802.1Q ta 1998, mai ɗaukar unguwa 4094, amma tana buƙatar suwic mai tsada da wanda ya iya saita ta, kuma kuskure ɗaya a saitin yana rushe katangar ba tare da kowa ya lura ba. A makarantar ƙauye gadar da ba a jona ta da komai ba ta fi aminci. Ita kanta ma'ajiyar baƙuwar a kulle ta da kalmar sirri, domin raba unguwa ba ya hana a ɗauke kwamfutar ɗungurungum, sannan a ajiye kwafi na biyu, shi ma a kulle, a wajen yankin, a Dutsin-Ma ko Katsina.